Kifin da Ya Sa Aka Ɗaure Mutum

A tashar jirgin taram ta Bron, can ƙasar waje, Ɗanyaro, ɗan masuntan Madarunfa, ya ji wani saurayi mai bandeji a hannuwa yana waya da Hausa.

"Samari, ƙonewa ka yi?"

"A'a Baba, kifi ne. Patron ɗinmu, wato maigidanmu a wurin aiki, ya kai mu teku kamun requin, mai cin mutanen nan. Da kifin ya haɗiyi ƙugiya, sai aka ɗaure ni a kujerar jirgi, kada ya fizge ni cikin ruwa. Awa uku muna ja."

"Kai aka ɗaure, ba kifin ba? Ikon Allah! To ina naman?"

"Tsawonsa kawai muka auna, muka sake shi."

Ɗanyaro ya daɗe yana kallon hannuwan.

"Ku kuka sake shi, ko shi ya sake ku?"

"Wallahi Baba, har yau ina tambayar kaina."