Babin Rarrashin da Anti Ta Bari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwar, na tashi daga aiki, na ɗauki takarduna, na nufi gidan Anti kamar yadda na saba. Na san ta rasu. Da ni aka zauna karɓar gaisuwa, na yi kuka har muryata ta dushe. Amma ƙafa ba ta san abin da kunne ya ji ba. Ina shiga falo na tarar Baba, mijinta, ya jera mana kujerun roba kamar kullum. Saura kujerar Anti, ta katako mai hannu. Ya ɗauko ta, yana tsaye riƙe da ita a tsakiyar ɗaki, ya rasa inda zai ajiye. Ya dube ni, na dube shi. A nan ne na gane Anti ta tafi.

Ku gafarce ni, na shiga magana ban yi gaisuwa ba. Malam liman, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban unguwa, manajan maɗaba'ar da marigayiya ta yi wa aiki, da shugabar makarantar da ta ba mu aron wannan zaure, ina gaishe ku. Baba, ina gaishe ka da haƙuri. Babban ɗanta, 'yarta, autanta, da jikoki, ya ƙarin haƙurinmu. 'Yan uwa da maƙwabta, sannunku da zuwa.

Ni mai guga ce a gidan wanki. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa tsayawa gaban mutane haka ba. Matan Asabar ne suka ce in yi magana da yawunsu. Matan Asabar kuwa mu ne waɗanda muke taruwa a falon Anti duk mako muna koyon rubuta labarin soyayya. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Malam, ka kwantar da hankalinka. Dokar Anti ta farko ita ce, idan an ɗaura aure jarumi da jaruma suka shiga ɗaki, sai mu ja musu ƙofa mu koma tsakar gida.

Ta kasance mai buga tafireta a maɗaba'a tun tana budurwa har ta yi ritaya. Marubuta su kawo rubutun hannu, ita ta buga. Ta ce mana ba ta taɓa shiga ajin adabi ba, yatsunta ne suka yi karatun. Idan mutum ya buga littafin soyayya ɗaya, labari ya karanta. Idan ya buga ɗari, sai ya fara ganin ƙashin da ke ƙarƙashin naman: inda ake haɗuwa, inda ake saɓawa, inda komai ke rushewa, da inda ake gyarawa. Har ta kai tana buga shafi tana cewa marubucin, "Malam, a nan ka yi gaggawa," shi kuma ya karɓa ya koma ya gyara. Manaja yana nan zaune, shi ne shaida.

Ta kasance mai hannu a buɗe. Ta daɗe a kwamitin iyayen wannan makaranta. Duk Laraba tana zuwa ɗakin mata a asibiti ta karanta wa marasa lafiya labari, har waɗanda aka sallama sukan dawo don su ji ƙarshensa. Mata da yawa a unguwar nan a wurinta suka koyi haɗa baƙi. Wasu suna zaune a nan, ba zan nuna su ba.

Ta kasance kuma mai faɗin gaskiya ba ta shafa mata mai. Ni na fi kowa sanin wannan.

Yadda muka haɗu, kayan wanki ta kawo mana, ta same ni ina guga da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da wani tsohon littafi da bangonsa ya cire. Ta leƙa ta ce, "Wannan ni na buga shi. Kin kai inda ya gan ta da wani a tasha?" Na ce ban kai ba. Ta ce, "To ajiye, kada ki ƙona mini zane. Ki zo gidana ran Asabar."

Ga yadda take aiki da mu. Littafi ɗaya muke rubutawa gaba ɗayanmu, kowace mace babi ɗaya. Idan kin gama naki, dole ki bar masoyan cikin wata matsala, ta gaba ta ɗauka. Ran Asabar a karanta a baki, a yi gardama, Anti ta gyara, sannan a saka a zaurenmu na waya inda masu karatu ke jira. Babin ƙarshe kaɗai ne ba ta ba kowa. Wannan nata ne.

Kalmomin sana'ar kuwa, 'yan matan cikinmu sukan zo da su da Turanci daga waya. Anti ta saurara, ta ce, "Ai wannan mun san shi," ta raɗa masa sunan da za mu iya riƙewa. Haɗuwar farko, wadda dole ta zo da ɗan abin kunya ko abin dariya, ta kira ta karo. Soyayyar da ke kamawa a hankali, har mai karatu ya ƙosa, ita ce garwashi. Idan aka haɗa mutum biyu da ba sa ga maciji a wurin da ba mai iya fita, wannan kulle ne. Lokacin da komai ya lalace, kowa ya kama gabansa, baƙar rana. Bayanta sai rarrashi. Haka kawai muka wayi gari muna magana kamar masana. Nas ɗin cikinmu takan ce, "Garwashin nan ya yi sanyi, a hura." Telar cikinmu ta ce, "Ku kulle su a lif ɗin hawa bene mana." Baba yana baranda da rediyonsa, sai mu ji ya ɗaga murya: "Wai har yanzu ba a ɗaura ba? Mu a zamaninmu da yanzu an yi suna."

Anti ta ce, "Kai dai ji labaranka. A zamaninka wata nawa ka yi kana wucewa ta ƙofar maɗaba'a ba ka iya sallama?"

Ya ce, "Hanyata ce."

Ta ce, "Hanyarka ce, gidanku yana gabas, wurin aikinka yana gabas, maɗaba'a tana yamma."

Babina na farko shi ne na uku a littafinmu na farko. Wadda ta gabace ni ta tsaya inda jaruma ta hango wata mace a gaban motar jarumi, suna dariya. Na zauna na yi tunani irin na mai hankali. Na sa jaruma ta ɗauki waya ta kira shi ta ce, "Wace ce na gani a motarka?" Ya ce, "Ƙanwata ce." Ta ce, "Au, to, a gaishe ta." Na kawo ran Asabar ina jin kaina. Na karanta musu har ƙarshe. Tela ce ta fara fashewa da dariya.

Anti ta cire tabarau ta ce, "Mai guga, kin goge mana littafi sumul. Babu ko lanƙwasa ɗaya da ta rage. Sauran matan nan me za su rubuta?"

Na ce, "Anti, ai haka mai hankali za ta yi."

Ta ce, "Haka ne. Kuma na fi son naki da na masu sa mace ta yi fushin shekara a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Amma ke, duk abin da ya taɓa damunki kin tambaya?"

Na fara tattara takarduna.

Ta ce, "To koma. Nemo mini abin da take tsoron ji. Idan kin samo shi, ba za ta iya ɗaga wayar ba, kuma ba wanda zai ce mata wawiya."

Na koma na yi mako ina guga ina tunani. Na sa jaruma tana da uwa wadda ta taɓa yi wa mijinta irin wannan tambaya, aka ba ta amsar da ta raba gidan. Da na karanta, Anti ba ta ce ya yi kyau ba. Ba ta saba faɗa ba. Ta dai miƙa wa ta gaba ta ce, "Ɗauki daga nan."

Ta kasance ba ta jin kunyar wannan aiki. An sha ce mata, mace da jikoki, me ya haɗa ta da labarin samari. Amsarta ɗaya ce. Ta ce matar da ta yini a tsaye, ta dawo ta dafa, ta wanke, idan ta buɗe littafin soyayya an yi mata alkawari ne: za a wahalar da mutanen nan biyu, amma ba za a raba su ba. Da wannan alkawari take jure baƙar rana. Ta ce marubucin da ya karya shi ya ci amana, ko da rubutunsa ya fi zuma.

Yanzu in zo kan abin da ya sa aka zaɓe ni, ba nas ko tela ba, alhali sun fi ni baki.

Littafin da muke kai, labarin wata mai shagon tabarau ne da wani direban motar asibiti. Karonsu faɗa ne, ya toshe mata ƙofar shago da mota. Mun kulle su, mun hura garwashi, har suka kai ga maganar aure. Sai nas ta kawo baƙar rana: an ba shi canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya karɓa, bai gaya mata ba, a bakin wani ta ji. Ta mayar masa da zobensa. A nan muke lokacin da aka kwantar da Anti.

Na je duba ta da rana, 'yarta tana gefe tana yi mata fifita. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta tambaye ni ina aka tsaya, na faɗa mata. Ta ce, "Saura rarrashi ke nan. Ke za ki rubuta."

Na ce, "Haba Anti, na ƙarshe ai naki ne. Ki warke ki rubuta abinki."

Ta ce, "Ni na gaji da aurar da mutane. Ki ji da kyau. Kada ki bari ya zo mata da turare da daɗin baki. Haƙurin da bai ci wa mutum komai ba, ba haƙuri ba ne. Sai ya ajiye wani abu da yake ji da shi, ta gani da idonta. Ita ma kada ki mayar da ita dutse."

'Yarta ta ce, "Mama, likita ya ce ki rage magana."

Ta ce, "Likita bai san inda muka tsaya ba."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Na gwada. Na farko da na rubuta, direba yana yin sallama ta yafe masa, don ni a kwanakin nan ba na iya ganin mutum a tsaye yana roƙo. Tela ta ce, "Kin koma gidan jiya." Na sake zama. Na sa shi ya ajiye aikin, ya kamo hanya zai zo wurinta. Ban san yadda aka yi ba, hannuna ya kifar da motar a hanya. Na kashe shi. Na rubuta yadda aka zo aka gaya mata tana cikin goge gilashi, kuma wallahi shi ne abu mafi kyau da na taɓa rubutawa. Da na karanta, duk muka yi kuka. Da muka share hawaye nas ta karɓi takardun ta ninke, ta ce, "Wannan kukan namu ne, ba nasu ba. Anti ta hana kisa. Sake."

Gaskiyarta. Mu aka yi wa rashi. Matan da ke jira a zauren waya ba su yi mana laifin komai ba, alkawari aka yi musu. Kullum sai an turo tambaya, ana yi mana ta'aziyya, a ƙasa kuma a ce, to yaya mai tabarau?

Baba, ɗazu a bakin ƙofa ka riƙe ni ka ce, "'Yata, direban nan dai zai dawo ko?" Ashe rediyon nan ba shi kake sauraro ba. Ban ba ka amsa ba saboda mutane. Zai dawo, Baba. Yadda zai dawo ne ban sani ba tukuna.

Ku 'ya'yanta, kun raba mahaifiyarku da mu shekara da shekaru, kun haƙura da hayaniyarmu da shayin da muke ƙarar muku. Ba mu da abin biyanku. Roƙonmu ɗaya ne: idan littafin ya kammala, ku yarda mu sa sunanta a bango, sama da namu. Auta, kai da kake cewa labaranmu duk iri ɗaya ne, ka yi gaskiya, kuma ita ce ta koya mana dalilin. Jikoki, kakarku ta iya dariya, ta iya faɗa, kuma ba ta taɓa raina wanda ya zo koyo ba. Ku riƙe wannan.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ya zo, da waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka yi addu'a daga nesa. Allah ya jiƙan Anti, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa aljanna ce makomarta. Allah ya ba Baba da iyali haƙurin rashi. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Matan Asabar, ba ni da wani sabon abu da zan karanta muku wannan makon. Direba yana can garin da aka tura shi, mai tabarau tana shagonta, ba su shirya ba. Babin ƙarshe ban rubuta shi ba.