Siraran Wayoyi Takwas

A shagon kayan kwamfuta wata mata ta sa aka auna mata wayar intanet mita talatin. Wani mai gyara da ke jiran canji ya dube ta.

"Hajiya, wa zai ɗaura miki kan wayar?"

"Ni."

Ya yi dariya. "Ba kitso ba ne fa. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, kowace da gurbinta. Ki bar wa maigida."

"Maigida ya rasu. Ƙannensa sun ce in shagonmu ya yi mako ba intanet, sayarwa za su yi. Yau kwana shida."

"Allah ya jiƙansa. Bari in zo in..."

"Fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi," ta katse shi, tana jero launukan wayoyin bi da bi. "Fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Shekara goma ina riƙe masa tsani, malam. Ka zaci bango nake kallo?"

Ya sosa ƙeya. "To ki sayi kai shida. Ranar farko hannu kan yi rawa."

"Ya yi rawarsa ya gaji." Ta juya wajen mai shago. "Ba ni biyu, kowane bakin waya ɗaya."