Jan Ƙyallen Tayar Baya

A tashar Batsari, Malama Zakiyya mai koyarwa a Islamiyya ta ja da baya daga a-kori-kurar Safana, tana nuna wa wani dattijo jan ƙyallen da aka ɗaure kusa da tayar baya.

"Baba, wannan ba laya ba ce? Ni fa ba na shiga motar da aka yi wa asiri."

"Laya kuma? Bel ɗin kujera ne, 'yata, direba ya yanko. Idan mota ta yi tsalle a kwazazzabo, shi ke riƙe ƙafar kada ta fizge shokozoba."

"Wallahi har na ji sanyi. Kai bakanike ne?"

"Manomi ne. Bara shokozobar motarmu ta tsinke a tsakiyar daji, muka tsaya gyara. Ba mu gama ba masu babura suka iso da bindigogi."

"Innalillahi! Amma kun dawo lafiya?"

"Ni dai na dawo."

Ta sunkuya tana leƙen ɗaya tayar.

"Shiga abinki," in ji shi. "Can ma akwai. Da hannuna na ja su duka na gwada ƙarfinsu tun kafin ki zo."