Ƙullutun da ke Kafaɗata

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ne Ɗanjuma daga Dudunni, ƙasar Kusada. Faɗa nake ana rubutawa, don ban yi boko ba.

Wani ƙullutu ne ya fito mani a kafaɗa tun shekarar fara. Ba ya ciwo, in ka taɓa sai ya zame kamar curin fura. Yanzu ya girma har ba ni iya saɓa galma. Wanzaminmu Tanko ya kafa ƙaho, jini kawai ya fito. Ya yi sakiya, na yi ta jinyar gyambo, ƙullutu yana nan.

Na je disfensare a Kankia, malamin asibitin ya matsa ƙullutun ya ce, "Baba, kitse ne." Na ce, "Yaro, dube ni da kyau, ƙashi da fata. Ina na samo kitse?" Ya ce likita Bature zai sa ni barci a Katsina, ya yanke shi. Na ɗauki sandata na fito.

Malam, wannan barcin nake tsoro. Duk garinmu ni kaɗai na rage da na san iyakar kowace gona da inda burtalin Fulani ya bi. In rigima ta tashi, ni ake kira.

Don Allah, duk wanda aka taɓa sa wa barcin nan ya aiko da amsa: in mutum ya farka, yakan tashi da duk abin da ke kansa? In ban ji ba, ba inda za ni.