Saƙon da Aka Yi a Ƙuryar Ɗaki

Assalamu alaikum. Shugaban taro, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, ma'aikatan lafiya, iyaye mata na Kibiya da Rano, barkanku da zuwa. Ni ce Sadiqa, ungozoma daga Durba, kuma na gode da kuka ba ni wannan dama.

Da farko, akwai wata 'yata da aka yi wa aikin yoyon fitsari. Shekaru ta yi ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Burinta kaɗan ne: ta sa farin zane, ta zauna a tsakiyar mata, iska ta kaɗa, kowa ya ci gaba da hirarsa. Da aka sallame ta, aka ce malamar jinya, Hidaya, za ta riƙa duba ta ta waya, kada jijjigar hanya ta ɓata ɗinkin.

Na biyu, a gidansu waya ba ta kamawa sai a ƙofar gida, gefen dakalin da maza ke hira. Wata rana ina tare da ita a wurin, Malama ta tambaya ta waya, "Yaya jiki?" Ita kuwa ta ce, "Da sauƙi." To me za ta ce, jama'a, surukinta na zaune? Alhali zazzaɓi na cin ta, fitsari na yi mata zafi, aikin na neman lalacewa. Wallahi na tsorata.

Malama Hidaya ta ji muryoyin maza, sai ta ce, "Baba Sadiqa, ta shiga ɗaki ta naɗi muryarta, ke ki fito da wayar." Haka muka yi. Ta faɗi komai a ƙuryar ɗaki, na fito na ɗaga wayar sama, maganar da kunya ta danne ta bi iska, ta wuce gonakin dawa, ta isa asibiti. Ranar aka kawo magani.

Na uku roƙo ne. Maza, ku bar wa matanku waya, ku ɗan matsa. Ina hango ranar da mace za ta faɗi ciwonta daga kan gadonta, a ji ta.

'Yar tawa tana cikinku yanzu, a kan tabarma. Ku duba dama, ku duba hagu, ba za ku gane ta ba.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya rufa mana asiri, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.