Ku Bar Ni In Taka

Salamu alaikum, mai gabatar da shiri. Wasiƙa ce daga tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Garhanga.

Jiya na taka har gindin dutse ban huta ba, wata shida bayan ciwon zuciya ya kwantar da ni. Lokotoro, wato likita, ya ɗora ni kan doguwar jinya: magani kullum, rage gishiri da kanwa, awon tansiyo don hawan jini, da tafiyar rabin awa kowace safiya.

Tafiyar ce ta fi wuya, don garinmu ba a wuce dattijo a ƙasa. Duk mai moto, wato babur, sai ya tsaya: "Baba, hau! So kake a ce ba mu da tarbiyya?" Sau uku ana mayar da ni gida, na kasa ƙin alheri.

Yanzu gefen gonaki nake bi, ina hangen itatuwan da muka dasa bisa dutsen muna samari, kamar inuwarsu na saukowa ta tarbe ni. Can nake so in hau.

Masu irin ciwona, me kuke gaya wa 'yan moto? An ɗauki hoton zuciyata ranar Litinin. Lokotoro bai ce in hau dutsen ba tukuna.