Sunan da Ban Kira Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da iyalansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro. Mai girma wakilin uban ƙasa. Malam liman da sauran malamanmu. Jami'an da ke aiki a bakin iyaka. Fataken albasa da dillalai. Direbobi da ke zaune can baya kusa da motocinsu, don ba su yarda da kowa ba. 'Yan'uwanmu da suka taho daga Ƙonni, da na Araba, da na Lafani, da na Kalmalo. Sabon shugaban ƙungiyar 'yan dako ta tashar albasa ta Illela, Malam Sufyanu. Sai ku 'yan dako, abokan gammo, waɗanda na fi sani da ƙeya fiye da fuska: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya kawo ni wannan rana da ƙafafuna. Ina godiya gare ku da kuka haƙura da ni shekara goma sha huɗu a kan kujerar nan. Na gode da babbar riga, na gode da takardar yabo da aka sa a gilashi. An karanta mini ita ɗazu, na yi ta waige ina neman mutumin da ake nufi. Idan yana nan, ya zo ya karɓi kayansa.

An ce in yi wa sabon shugaba nasiha. Nasiha ba ta da wuya, ko wanda bai taɓa ɗaukar buhu ba yana iya ta. Abin da na zo da shi ya fi ta nauyi. Akwai wani suna da na yi shekara biyu ban kira ba a cikin wannan tasha, akwai kuma wata ƙofa da na yi shekara biyu ban je ba. Ba na son in sauka daga kujerar nan da su a wuyana. Ku yi haƙuri da tsoho, zan bi maganar a hankali.

Na farko, ga waɗanda ba su riski abin ba, bari in faɗa muku mene ne kiran layi.

Sa'ad da na shigo wannan aiki ina saurayi, ba a ɗaga buhu ko ɗaya a tashar nan sai an yi kira. Bayan sallar asuba, shugaba zai hau rabin duro da aka kifa gindin dalbejiyar can, ya kira sunan kowane ɗan dako da ka, babu takarda. Kowa ya amsa. In aka kira mutum sau uku shiru, sai a tashi ɗaya daga cikinmu ya je inda yake kwana. Kafin ɗan aiken ya dawo da labari, mota ba ta ɗaukar kaya. Ko ta wane ce, ko ina za ta. Direba zai yi ta danna oda, falke zai yi ta zagi, mu kuwa muna zaune bisa buhuna muna tauna goro.

Ni Abu da ke tsaye gabanku, wannan kira ne ya sa nake tsaye. Wata damina, fiye da shekara talatin da suka wuce, zazzaɓi ya kwantar da ni a wani ɗaki bayan kasuwa. Ban iya ko jawo buta. Aka kira ni sau uku shiru. Aka aiki wani abokin aikina, Halliru, mutumin wani ƙauye can bayan Ƙonni, a ƙetaren iyaka, wanda ke aiki a nan yana zuwa gida ranar Juma'a. Ya ture ƙyaure, ya dube ni, ya ce, "Kai Abu, ragonta ce ko mutuwa? Faɗa mini in san abin da za ni gaya musu." Ya goya ni a bayansa har asibiti. A hanya yana ta mita, wai na fi buhun albasa nauyi kuma ban kai shi amfani ba. Hantsi bai gama dubawa ba ina kan gado ana yi mini ƙarin ruwa.

Na biyu, yadda kiran ya mutu, da wanda ya kashe shi.

Ba gwamnati ce ta kashe shi ba. Ba zamani ba ne. Ni ne.

Da na zama shugaba mun kai mutum ɗari da ashirin. Motoci sun yi yawa, fatake suna ƙorafi. Alhaji Usama, ga shi can zaune, shi ya fi kowa matsa mini, kuma ban zarge shi ba, albasa ba ta jira. Ya ce, "Shugaba, tirela goma sha biyu a tsaye saboda mutum ɗaya ya yi barci? Mi ke nan?" Na ga gaskiyarsa. Na kuma ga, in faɗi abin da ke raina, cewa mutumin da ya je Makka, ya sa babbar riga, bai kamata a ce kullum safe yana hawa rabin duro yana ihu kamar mai tallan kunu ba.

Sai muka gina ofis. Aka sa fanka, aka sa labule. Aka ɗinka wa kowa riga mai lamba a baya. Aka buɗe zaure a waya, ana tura layin ranar tun kafin gari ya waye: lamba kaza zuwa lamba kaza, motar wane. Wanda ya zo ya zo, wanda bai zo ba sai na bayansa ya matso. Aiki ya yi sauri. Baƙi suka riƙa zuwa daga wasu tashoshi suna kallon tsarinmu. Ni kuma na yi ƙiba.

Halliru ya same ni a ofis ranar da aka raba riguna. Ya tsaya bakin ƙofa, bai shigo ba, yana juya tasa a hannu. Ya ce, "Alhaji, yanzu in na faɗi, wa za ya sani?" Na ce masa yana da waya, ya kira. Ya ce, "To, Allah Ya sa ranar in iya jawo ta." Na yi dariya. Na ɗauka barkwancinsa ne na kullum.

Na uku, kuma shi ne wanda ya hana ni sukuni.

Kowa a nan ya tuna shekarar da aka rufe iyaka. Motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu. Albasa ta ruɓe a cikin buhu, ruwanta na ɗiga bisa kwalta, wari ya cika gari. Aiki ya tsaya. Mutane suka watse, kowa na neman abin da zai kai gida. Ni kuwa kullum ina taro, daga wannan ofis zuwa wancan, waya a kunne.

Jama'a, mu mutanen bakin iyaka muna da wata cuta da ba a san ta a wasu garuruwa ba. Kowannenmu yana da wuri biyu. In ba a gan ka nan ba, sai a ce kana ƙetare. In ba a gan ka can ba, sai a ce kana Illela. Kalma ɗaya ta ishe mu mu kwantar da hankali a kan mutum: yana ƙetare. Ita muka faɗa a kan Halliru. Waɗanda suka lura ba ya nan, kuma ba su da yawa, suka ce ai ya bi hanyar daji ya koma gida, tunda babu aiki. Iyalinsa can suka ce ai iyaka ce ta rutsa da shi, yana Illela cikin abokansa. Ƙasa biyu, kowace ta bar wa ɗaya shi.

Yana ɗakinsa. Bayan katangar can, taku bai fi ɗari biyu ba daga labulen ofishina. Kwana tara.

Rana ta goma matarsa, Mahbuba, ta hau kabu-kabu ta biyo hanyar daji, cikin laka, ta iso tashar nan da azahar. Ba ta san ɗakinsa ba, don ba ta taɓa zuwa ba, shi ke zuwa. Ta tambayi ofishin shugaba. Ta yi sallama. Ina waya. Ta ce ta zo neman mijinta Halliru, ɗan dako. Ban ɗaga kai ba. Na jawo takarda, na ce da ita, "Mi al lambatai?"

Ta jira har sai da na ɗago. Ta ce, "Alhaji, ni ban san lambatai ba. Na dai san shi ya goya ka."

Na yi shekara sittin da takwas a duniya. An zage ni, an mare ni, jandarma ya taɓa tsare ni yini guda cikin rana. Ba a taɓa yi mini abin da ya kai wannan magana ba, kuma ba da ƙarfi ta faɗe ta ba.

Muka je. Na ture ƙyauren da kafaɗa. Ba zan kwatanta muku ɗakin ba, akwai waɗanda suka shiga tare da ni, sun san abin da suka gani. Buta ta kife. Waya na ƙasa, nesa da hannunsa, ta mutu tuntuni. Rigar mai lamba na rataye a ƙusa, a wanke. Yana da sauran rai. Ya buɗe ido, ya gane ni. Na sunkuya. Abin da ya ce da ni ke nan, da ƙyar: "Abu, ka makara. Ni ranar taka ban kai hantsi ba."

Har a lokacin yana tsokanata. Na so in goya shi, bayana ya ƙi. Shekara goma sha biyu ina zaune ƙarƙashin fanka. Wasu ne suka ɗauke shi, ni ina biye da takalminsa a hannu. Ya kwana biyu a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa. Zazzaɓi ne, irin nawa na da. A nan muka binne shi. 'Ya'yansa ba su samu ketowa ba.

Na san ajali ba ya jinkiri. Malam liman yana nan, ba zan ja da wannan ba. Amma ajali daban, kwana tara mutum na sauraron motsin tashar da ya yi wa aiki shekara arba'in babu wanda ya taɓa ƙofarsa, wannan daban. Na farkon na Allah ne. Na biyun nawa ne.

Za ku ce to me ya hana ni dawo da kiran tun a lokacin? Zan faɗa muku, don yau ba ranar ɓoyo ba ce. Tsoro. In na hau duron nan, ko dai in kira sunansa a yi shiru, ko in tsallake shi kowa ya ji na tsallake. Na kasa ɗaukar ko ɗaya. Haka na kasa zuwa ƙauyensu. Na aika da hatsi, aka dawo da shi. Na aika da mutum, Mahbuba ta ce da shi, "Ka ce wa Alhaji ba mu rasa masu aike ba." An buɗe hanya tuni, motoci na wucewa, ni ne ban wuce ba. Mun gayyace ta wannan taro. Ku duba, ba ta zo ba, kuma tana da gaskiya.

Malam Sufyanu, kai mai ilmi ne, ka fi ni sanin waya da takarda. Kada ka jefar da su, suna da amfani. Amma ka sani, mutanen nan ɗari da ashirin ba kujera suka ba ka ba. Sunayensu suka ba ka. Ka haddace su. Ka san wane ne ke tari, wane ne ya daina cin goro ba don ya so ba, wane ne ya fara ɗaukar rabin buhu yana ɓoyewa. Ranar da ka ji bakinka ya ce "yana ƙetare", ka tsaya ka tambayi kanka wa ya gan shi can. Alhaji Usama, da ku sauran fatake, za a riƙa tsayar muku da mota wani lokaci. Albasa za ta yi laushi. Ina roƙonku ku haƙura. Na ga albasa ta ruɓe tirela-tirela, bana kuma ga ta an noma wata.

Yanzu ku ba ni dama. Har zuwa lokacin da zan ajiye wannan lasifika, ni ne shugaba. Na sa an jawo duron daga bayan ofis, ga shi nan, ya yi tsatsa. Sufyanu, riƙe mini hannu in hau. A'a, bar rigar, ta ɓaci.

Ku yi shiru.

Halliru.

Halliru.

Halliru na bayan Ƙonni.

To. Kun ji abin da na ji. Tsofaffin cikinku sun san doka. An kira sau uku ba a amsa ba, sai an je gidansa, kuma ba a ɗaga buhu sai ɗan aike ya dawo. Ba zan aiki kowa ba. Gobe bayan asuba zan fita, in tsaya a ƙofar Mahbuba, in yi sallama. In ta amsa, alhamdu lillahi. In ba ta amsa ba, zan dawo in faɗa muku ba ta amsa ba, don shi ma labari ne. Motocin gobe su jira ni. Zan yi ƙoƙari kada in wuce hantsi.

Allah Ya jiƙan Halliru, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya yafe mini, Ya sanyaya zuciyar waɗanda na ɓata wa. Allah Ya riƙa wa Sufyanu, Ya ba shi kunnen da ke jin shiru. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya kiyaye direbobinmu a hanya, Ya ƙarfafa bayan masu ɗaukar kaya. Allah Ya sa kada ɗayanmu ya kwanta a rasa mai tura ƙofarsa. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, na nan da na ƙetare.

Na gode.